Kafin a kai ɗalibai Yankari, a fara kai malamansu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin shugabannin makarantu da ma'aikatun ilimi kan yadda ake kai ɗalibai gandun daji. Za mu yi misali da Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jiha a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Duk shekara motocin makarantu na zuwa, amma galibin yara wanka da hotuna kaɗai suke komawa da su, saboda malamin da ya jagorance su shi ma ranar ya fara ganin wurin.

Ɓarnar tana farawa daga lokaci. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki akwai kimanin kilomita 40. Motar da ta bar gari da hantsi ba za ta isa ba sai rana ta take, a sa'ar da kowace dabba ta shige inuwa. Sai a zagaya cikin ƙura, a dawo ana cewa babu komai a dajin. Dabbobi na fitowa da sassafe da kuma bayan la'asar, don haka a kwana ɗaya a can, ko a shirya fita zagaye da yamma. A zaɓi rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye daga ko'ina, giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza suka dogara da kogin Gaji. Da damina ciyawa na rufe komai, hanyoyi kuma su lalace.

Makonni 2 kafin tafiya, makaranta ta rubuta wa hukumar gandun takarda, ta faɗi yawan ɗalibai da ajinsu da darasin da ake so, ta nemi kuɗin shiga da na mota da na masauki a rubuce, ta tambayi halin tsaro a hanya. Malami 1 ga yara 10, lita 3 ta ruwa ga kowa a yini, da garin gishiri da sukari a akwatin magani. Kada yaro ya sa baƙi ko shuɗi, domin su ne launukan da ke jawo tsando. Riga mai dogon hannu, mai ruwan ƙasa, ta fi. Abinci kuma a rufe shi cikin mota. Gwaggon birin Wikki ya san leda, yana fizge ta daga hannun yaro, kuma garin kokawa da shi ake jin ciwo.

Abin koyarwa ba sai an sayo na tsada ba. Ma'aunin zafi, tef ɗin tela, igiya mai mita 40, fensir da takardar tambayoyi sun isa. A raba yara biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai zane, mai ƙirga, mai bayani.

A maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, a auna zafin ruwa da na iska da asuba, a sake da azahar. Zafin iska zai yi tsalle, musamman da hunturu, ruwan kuwa yana nan wajen digiri 31, domin daga can ƙarƙashin dutsen yashi yake ɓuɓɓugowa, inda zafin rana da sanyin dare ba su kaiwa. A bar ma'aunin minti 2 cikin ruwa, a karanta shi bai fita ba. Waɗanda ke ɗago shi sama su duba lambar iska suke rubutawa. Ruwan garai-garai ne har yana ruɗin ido, alhali wani wurin ya kusa mita 2, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya bakin gaɓa.

Idan mai gadin daji ya ba da izinin sauka inda giwa ta taka ƙasa mai laushi, a zagaya sawun ƙafar gaba da tef, a ninka biyu, za a sami kusan tsayinta zuwa kafaɗa. Sawun gaba kewayayye ne, na baya mai ɗan tsawo, kuma wanda ya auna na baya lissafinsa ya karkace. A tona kashinta da tsinke a ga 'ya'yan itatuwan da ta haɗiye, yaro ya gane da idonsa yadda giwa ke shuka daji. Kusa da sansani a shata fili mita 10 sau 10 da igiyar, a ƙirga itatuwa, a auna kaurin kowace a tsayin mita 1.3, a rubuta sunanta na Hausa tukuna, marke ne ko kirya ko taura, kafin na littafi. Kada a tsinke ko ganye.

Malamin tarihi ma yana da rabonsa: kogunan Marshall guda 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, rijiyoyin Dukkey, da tsoffin matoyan tama na Shau Shau. Gidan tarihin sansanin na da fatu da ƙasusuwa da haure da kayan farautar da aka ƙwace daga mafarauta, kuma can ya kamata a fara shiga kafin a hau mota.

Roƙonmu ga ma'aikatar ilimi da hukumar gandun shi ne su shirya wa malamai bita ta kwana 3 a cikin dajin a hutun Disamba, masu gadin daji su zama masu koyarwa, don babu wanda ya kai su sanin sawu da kukan tsuntsu. A buga ɗan littafi da Hausa da Turanci wanda ya haɗa kowane wuri da darasinsa a manhajar WAEC da NECO. A fara da malaman ƙauyukan gefen daji irin su Mainamaji da Duguri, inda giwaye ke shiga gonaki, yaro ya tashi da jin haushin dajin bai taɓa shigarsa ba. Ya kamata hukumar gandayen daji ta ƙasa ita ma ta yi irin wannan a Gashaka-Gumti, da kuma Falgore da Kogo da Baturiya da aka amince a 2020 a ɗaga su zuwa matsayin na ƙasa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman ilimin halittu da labarin ƙasa, Bauchi