Sanarwa ga masu rubuta manhaja a Damagaram

Salamu alaikum ƴan uwa.

Shekaranjiya wani ƙanenmu ya kwana yana fama da manhajar C a kan Linux: cikin fayilolin heda (fayilolin .h da ake kira a farkon manhaja) ya sa linux/if.h kafin net/if.h, kompaila (mai juya rubutun manhaja zuwa harshen kwamfuta) ta ƙi, ta ce an bayyana struct ifreq (tsarin bayanai da ke cikin fayilolin biyu) sau biyu. Abin ya tsaya mini a rai, don mu ne ba mu rubuta masa jagora ba.

net/if.h na glibc ne (laburaren C na GNU), shi ake fara sawa. Fayilolin heda na kanel (zuciyar Linux) kuwa, irin su linux/if.h, suna cikin /usr/include/linux, har da netlink.h da rtnetlink.h, a Debian da Ubuntu kunshin linux-libc-dev ke kawo su. Don Allah ku karanta man 7 netlink, shafin bayani kan netlink, hanyar da manhaja ke magana da kanel.

Ran Asabar bayan la'asar mu haɗu, kowa da kwamfutarsa, mu fara rubuta jagora da Hausa.