Wasiƙa Zuwa Jos a Kan Kifi da Gishiri

Ƙofar Ƙaura,
Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, ina fata kuma sanyin Jos bai kai ga hana ku fita sallar asuba ba. Mu ma nan hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, hasumiyar Gobarau ma sai ka matso kusa kake ganinta.

Na ga hoton kifayen ɗan namu da ka turo, na kuma ji muryarsa yana cewa a faɗa wa Baffa kifinsa ba shi da lafiya. Ka kwantar masa da hankali. Wannan farin ɗigo da ya fito musu a jiki da fiffike kamar an barbaɗa musu tsaki, ga goga jiki da suke yi a duwatsun ƙasan tankin, cutar farin ɗigo ce. Wata ƙwayar halitta ce ke kawo ta, masana suna kiranta Ichthyophthirius, kuma ta fi samun kifi idan ruwa ya yi sanyi kwatsam, ko an saka sabon kifi ba a killace shi ba. Ina zaton duka biyun sun haɗu a gidanka.

Gishiri yana maganinta, amma sai ka san yadda take rayuwa, in ba haka ba ka yi asarar gishirin da kifin. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma a nan babu maganin da yake isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta, ta yi ta rarrabuwa har ta zama ɗaruruwa. Sai su fashe su fito suna iyo, suna neman kifin da za su kama, wanda bai samu ba cikin kamar kwana 2 ya mutu. To, a wannan ɗan tsakani kaɗai gishiri yake kashe su. Shi ya sa mutane suke ruɗuwa: da zarar ɗigo ya ɓace sai su ce kifi ya warke, su zubar da ruwan gishiri, alhali cutar tana ƙasa tana haihuwa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo fiye da da.

Wani amfanin kuma, jinin kifi yana da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. Don haka kullum ruwa yana kutsawa jikinsa, shi kuma yana fama da fitar da shi. Kifin da cuta ta huda wa fata wannan aikin yana ƙara masa wahala, ɗan gishirin da ke ruwa sai ya rage masa nauyi.

Yanzu awo, kuma don Allah kada ka yi shi da ido. Ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000, ka sami lita. Daga hoton, naka zai yi lita 60. Abin da ake so shi ne giram 3 a kowace lita, wato giram 180, amma ba a zuba shi gaba ɗaya. Ka kasa uku, giram 60 duk bayan awa 12, kana narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Ƙaramin cokalin shayi da aka share bakinsa yana ɗaukar giram 5 zuwa 6. Gishiri zalla nake nufi, fari, mara haɗi. Na girki mai sinadarin ayodin wasu suna gudunsa, ni dai a ganina ayodin ɗin bai taka kara ya karya ba, idan shi ke gare ka ka yi da shi. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kanwa da manda da kantun Bilma. Kanwa tana sauya yanayin ruwa, ta ƙone wa kifi wajen numfashi, sauran biyun kuma ba ka san abin da ke gauraye da su ba.

Gishiri ba ya bin tururi. Ruwan da iskar hunturu ta shanye, ka cike gurbinsa da ruwa zalla. Wanda ka ɗebe da hannunka shi ake mayar wa gishiri: ka cire lita 15 daga ƙasa, inda ƙwayoyin suke kwance, ka mayar da lita 15 mai giram 45. In ruwan famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe tukuna.

Matsalarku ta Jos ita ce sanyi. A ruwa mai ɗumi cutar tana gama zagayenta cikin ƙasa da mako, a mai sanyi kuwa tana iya ɗaukar makonni. Ka nemi hita ta tankin kifi, ka ɗaga zafin sannu a hankali zuwa digiri 28. Tunda naku golfish ne, wato kifin adon nan mai ruwan zinari, kada ka wuce haka. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, saboda haka injin kumfa ya kwana yana aiki, idan an ɗauke wuta kuma a riƙa kamfatar ruwan da kofi ana tsiyayo shi daga sama. Bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, ka ƙara mako guda cur kafin ka fara rage gishirin ta hanyar canjin ruwa.

Golfish da ƙananan kifayen ado irin su gufi da moli suna jure wannan awon, haka ma karfasa. Ganyen da ke cikin tankin dai ka cire shi, zai lalace. Ɗan kifin nan mai gashin baki da na hango yana kwance a ƙasa, irinsu marasa ɓawo ba su cika son gishiri ba, ka ware shi a wani mazubi da rabin awo. Idan kuma ka ga wani abu kamar zare yana reto a jikin kifi, wannan tsutsa ce, gishiri ba zai fitar da ita ba, ka kira ni mu yi magana.

Nan gaba duk kifin da aka sayo ya yi mako 2 zuwa 4 shi kaɗai kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa, ko da ɗan namu zai yi kuka.

Hajiya tana gaishe ku, tana tambaya ko za ku zo hawan sallah bana. Ka gaida uwargida da yara. Ka turo mini wani hoton ranar Juma'a, a ɗauka daga gefe inda haske yake.

Naka,
amininka na Katsina.