Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya tantance mini dalar azurfa

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Amsar da ma'aikacinku ya aiko mini ranar 14 ga Maris ce ta sa na fito da maganar nan fili. Layi biyu ne kacal: wai maki ra'ayin mai tantancewa ne, in ban gamsu ba in sake turo sulen, in sake biya. Kafin nan na yi ta rubuto muku, na yi ta buga waya, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Sulalla shida na aiko, biyar ba ni da ja a kansu. Dalar Morgan ta 1884 kuwa, tsohon sulen azurfa na Amurka, kun dawo da ita babu maki ko ɗaya a ma'aunin Sheldon na 1 zuwa 70, wanda ake auna lafiyar sule da shi, kun rubuta cewa an goge ta, kuma launinta abin shakka ne, wato kamar haɗa shi aka yi.

Mu fara da launin. Dalar nan kashi 90 azurfa ce, kashi 10 jan ƙarfe. Irinta sun yi shekaru a buhunan baitulmalin Amurka, dubu a kowane buhu, farar wutar da ke jikin yadin tana cin azurfar a hankali har ta yi mata siririn rufi. Kaurin rufin ne ke fitar da launi: ruwan zinariya da farko, sai ja-ja, sai shuɗi, in ya yi kauri sosai ya koma baƙi. A jikin tawa launukan sun bi wannan jeri ba tsallake, sun yanke da siffar jinjirin wata daidai inda wata dalar ta danne ta. Launin da aka haɗa da zafi ko sinadari a sama yake kwanciya, ya haye haruffa da taurari bai ɗaya, ƙyallin ƙarƙashinsa a mace. Wanne daga ciki mai dubawarku ya gani?

Batun gugar ma haka. Fitila ɗaya da madubi mai ƙara girma sau biyar sun isa. Ƙarcen tsumma ciki yake nutsawa, kuma yana ratsa shi kansa hoton da ke jikin sulen. Layukan da gyaran ƙarfen da aka buga sulen da shi ke bari kuwa tudu ne, suna tsayawa a gindin hoto su ɓullo ta ɗaya gefen. Na jikin dalata tudu ne, kuma in an karkata ta ƙyallinta na zagayawa cif. Aikin minti ɗaya ne, ga wanda ya duba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sawun yatsa a kumatun hoton, cikin kwanson robar da ku kuka liƙe. Babu shi a hoton da kuka ɗauka ranar karɓa. Maiƙo da gishirin yatsa cin ƙarfe suke yi. Asiton tsantsa, wato sinadarin da ke narkar da maiƙo, na ɗauke su in an yi da wuri, amma in suka yi watanni tabon ya zauna ke nan. Wato kowane mako da kuka ƙi amsa mini, dalar ce ke biya.

Ina neman ku karɓe ta a kan aljihunku, ku fasa kwanson, ku jiƙa ta a asiton ba tare da guga ba, wani mutum dabam ya sake tantance ta, ku ba ni dalili a rubuce. In tabon ya riga ya kama, ku biya ni bambancin darajar.

Sannan ku faɗa wa masu tara sulalla gaskiya. Kowa a harkar nan ya san ana fasa kwanso a sake turo sule ɗaya, yau ya fito da 64, gobe 65, ku kuma kuna karɓar kuɗi a kowane zagaye. Kamfanin da kuskurensa ke kawo masa ciniki, me zai sa ya gyara? Ku wallafa mana sau nawa makinku ke sauyawa a kan sulen da aka dawo muku da shi.

Naku,
Wani mai tara tsofaffin sulalla