A waiwayi madobiya kafin ta ƙare

Malam Edita, salamu alaikum, ina gajiya. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi kuka kan madobiya, itacen nan mai jan jiki da makiyaya ke sassabo ganyensa su ba shanu in rani ya yi tsanani. Tun 2018 IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sa ta cikin itatuwan da ke barazanar ƙarewa, CITES kuma, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, ta taƙaita cinikinta tun 2017, saboda yadda ake yanke ta a Afirka ta Yamma ana lodawa a kwantena zuwa Sin a yi kujeru da gadaje na alfarma.

Mu nan Nijar dama ba ta da yawa, sai can kudu wajen Gaya da gandun W, kuma icce ne mai jinkirin girma, wanda aka sare yau sai an shekara da shekaru kafin a ga kamarsa. Ka leƙa kasuwar Katako ka ji yadda kafintoci ke kukan tsadar katako mai ƙwari.

Kowace 3 ga Agusta ana dashen itatuwa, madalla, amma ni dai nim da turare na fi gani. Ma'aikatan daji, don Allah ku sa madobiya cikin gandun renon iri bana.

Mai karatunku daga Yamai