Zancen allurar mura kafin ku iso Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata,

Ina fata kuna lafiya, ya jikin naki? Ki gaishe min da Inna da Baba sosai. Tunda tafiyarku ta kama watan Satumba, ga abu guda da nake so ki yi kafin ki gama kwance kaya: allurar rigakafin murar hunturu, wadda suke kira fulu.

Kada sunan ya yaudare ki. Ba irin murar da ake sharce hanci a ci gaba da harka ba ce. Zazzaɓi ne mai zafi da ciwon gaɓoɓi da tari, yakan kwantar da babba mako guda, ga mai juna biyu kuwa yana iya gangarawa huhu ya zama nimoniya.

Farko ki yi rajista a asibitin likitan unguwarku, wato GP. Kyauta ne, kuma ba dole sai kin nuna shaidar adireshi ba. A fom ɗin ki rubuta cewa kina da ciki, ki kuma taho da katin rigakafin yaro na gida. Da abin da ke cikin fayil suke tace sunayen da za su tura wa saƙon waya, saboda haka wanda bai faɗi lalurarsa ba shiru zai ji. In saƙo bai zo ba, ki kira su da kanki.

Masu ciki da yara ake fara yi wa, daga 1 ga Satumba. Sauran manya sai farkon Oktoba. NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatinsu, na yi kyauta ga masu ciki, da 'yan shekara 65 zuwa sama, da masu ciwon suga, zuciya, ƙoda, sikila ko asma mai tsanani. Maigidanki, tunda lafiyarsa ƙalau, sai dai ya biya a kemis.

Taki allura ce, rabin mililita a tsokar damtse, minti biyar ya yi yawa. Ki sa riga mai sakin hannu a ƙarƙashin hijabi, kuma kina iya neman nas mace. Ko a wane wata cikin yake ana yi, kariyar kuma tana ratsawa ga jariri, wanda shi ba a yi masa sai ya kai wata 6. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, don haka ba ta sa mura. Hannu zai yi tsami, jiki ya ɗan yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Masu cewa allurar ce ta kwantar da su, yawanci sun kwashi cutar ne a cikin kwana 14 da jiki ke ɗauka kafin kariya ta kankama, ko kuma wata mura ce daban. In kin tashi da zazzaɓi ranar, ki ɗage.

Na yaro ne ke son natsuwa. Wanda yake shekara 2 ko 3 ranar 31 ga Agusta, feshi ake yi masa, sau ɗaya a kowace ƙofar hanci; ko ya yi atishawa ba a maimaitawa. To amma feshin, Fluenz, yana ɗauke da jelatin da aka samo daga alade. Ya fi allura aiki a jikin yara, shi ya sa shi suke fara miƙowa, amma in ranku bai kwanta ba, kuna da damar cewa allura kuke so. Ki faɗa tun lokacin kama rana, kada ki bari sai kun zauna gaban nas, don a tanadar muku. Idan ƙirjinsa na shaƙewa a kwana 3 kafin ranar, ko ƙwai na tayar masa da borin jini, ki sanar da su.

Baɗi kuma sai an sake, domin ƙwayar na sauya kama. Kowace Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓen irin da za a haɗa maganinsa.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya kawo ku lafiya.

Yayarki