Tafiyar aiki tana cinye shekarun neman takardar zama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin ƴan Maradi mazauna Turai da Amurka, da iyayensu na nan gida, kan abin da ke yawan ɓata neman takardar zama ta dindindin: kwanakin da mutum ya yi a wajen ƙasar, ko da wurin aikinsa ne ya tura shi. Da yawa suna ɗauka tunda katin zama bai ƙare ba kuma albashi na shiga, to shekaru na taruwa. Hukuma kuwa kwana take ƙirgawa.

Mu fara da Faransa da Beljiyam, inda mutanenmu suke da yawa. Katin mazaunin dogon lokaci na Tarayyar Turai yana buƙatar shekara 5 a jere. A cikinsu kada tafiya ɗaya ta zarce wata 6, kuma idan an haɗa su duka kada su wuce wata 10. Wannan sharaɗi na biyu shi ke kama mutane. A ce ƙungiya ta turo ma'aikacinta Yamai wata huɗu-huɗu har sau uku. Babu tafiyar da ta yi tsawo, amma jimilla wata 12 ke nan, ya wuce iyaka. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 da ta kafa wannan kati ta ba ƙasashe damar sassauta wa wanda aka tura aiki, sai dai dama ce, ba tilas ba, kuma sai da shaida.

Ingila ta fi wayo. Kwana 180 ne iyaka a cikin kowane wata 12, kuma ba daga Janairu ake farawa ba. Wanda ya fita farkon Satumba ya koma ƙarshen Maris zai ce ai wata huɗu a bara, uku a bana. Jami'i zai ce wata bakwai cikin sha biyu. Tafiyar kamfani ta yau da kullum ana ƙirga ta kamar ta biki.

Ga waɗanda suka riga suka samu takardar dindindin, Kanada tana son kwana 730 a cikin shekara 5. Tana lissafa kwanakin waje idan kamfanin Kanada ne ya tura ka aiki na cikakken lokaci, ban da kamfanin da aka buɗe don dabara kawai. Mai katin zaman Amurka da zai kai shekara a waje, ya cike takardar I-131, ta neman izinin sake shiga ƙasar, tun yana cikin ƙasar. Izinin ba ya wuce shekara 2.

Sai maganar shaida. Kafin tafiya a karɓi wasiƙa daga wurin aiki mai ɗauke da ranar fita, ranar komawa da dalili. A ajiye tikiti, takardun albashi, na haraji da na hayar gida. Wanda ya sabunta fasfo kada ya yar da tsohon, tambarin shiga da fita suna ciki. Masu sauka Kano su biyo mota ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Issa, su tsaya a buga musu tambari, su duba ya fito sarai. Ranar da za a tambaye su inda suke a wata kaza, ba za a karɓi "na manta" ba.

Iyaye kuma, don Allah a rage "ƙara sati biyu, sai bayan salla". Yaron da ya riga ya yi wata biyar da rabi a aiki, sati biyun nan suna iya maida shi farkon lissafi. Dokokin kuma suna canjawa, don haka a duba shafin hukumar ƙasar kafin a yanki tikiti.

Mai karatunku,
unguwar Zariya, Maradi