Zuwa ga Alhaji Garba, Sabon Ilesha

Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran mutanenmu na Sabo. Saƙonka ya iso ta hannun Ɗanjuma direba, tare da goron. Goron ya yi daɗi, sai dai ƙanana ne, na san manyan ka ware wa masu biya. Halin Kanawa ke nan, ba a canza muku.

Ka ce masu addu'a a kan tudun bayan gidanku, Kiristocin nan da Yarbawa ke kira Aladura, sun hana ka barci da ƙararrawa, ka ce fararen riguna suke sawa, kuma kana so malamin tarihi ya gaya maka daga ina suka fito. To ai a tsakiyar gidansu ka je ka kafa rumfa. A nan Ilesha, a unguwar Oke Oye, babban taron addu'arsu ya ɓarke a watan Yulin 1930. Kai ne baƙo, ba su ba.

Amma tushen ya girmi wannan shekarar. A 1918 annobar murar nan da kakanninmu ke kira marisuwa ta shigo ta tashar jirgin ruwan Legas, ta bi layin dogo tana kwasar mutane. Maganin Bature bai yi komai ba, na boka ma haka, gwamnati kuma ta sa aka rufe majami'u a wurare da dama don kada a cakuɗu. Mutum yana tsananin buƙatar addu'a, an garƙame masa ƙofa. A Ijebu Ode wasu 'yan cocin Angilika, ƙarƙashin wani maƙerin zinariya Joseph Shadare da wata malamar makaranta Sophia Odunlami, suka riƙa taruwa da kansu suna addu'a, suna cewa a bar magani a dogara ga Allah da ruwan da aka yi wa addu'a. Shugabannin cocin ba su ji daɗi ba, musamman da suka ƙi yarda a yi wa jarirai baftisma. Aka rabu. Sai suka jingina da wata coci ta Filadelfiya a Amurka mai suna Faith Tabernacle, wadda ba ta taɓa aiko musu da mutum ko ɗaya ba, sai ƙasidu ta gidan waya. Akawuna da malaman makaranta ne suka riƙa karantawa suna yaɗawa. Daga 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas da kewaye, a 1929 kuma kasuwar duniya ta faɗi, farashin koko da manja ya zube, haraji kuwa bai ragu ba. Kai da ke kuka idan huhun goro ya sauka kaɗan, ka san yadda manomin Ijesha, wato ƙasar Ilesha, ya ji.

Ana cikin haka Joseph Ayo Babalola ya bayyana. Haifaffen Odo Owa ne, 1904, a yankin da lokacin yake ƙarƙashin lardin Ilorin, ka ga a takardar Bature ɗan Arewa ne ma. Direban motar daɓe titi ne a ma'aikatar ayyuka. A watan Oktoban 1928 yana aiki kusa da Ikeji Arakeji, a kan wannan hanyar ta Akure da kake bi duk mako, motar ta tsaya cik, ya ce ya ji murya ta umarce shi ya bar aiki ya fita wa'azi. Kayan aikinsa ƙararrawar hannu da Littafi Mai Tsarki da ruwa. Da shugabannin Faith Tabernacle suka taru a Oke Oye a 1930 don warware saɓani kan yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma da kuma batun shan magani, sai labari ya bazu cewa Babalola, wanda ya riga ya shiga cikinsu, ya yi wa wani yaro da ake shirin binnewa addu'a ya tashi. Mabiyansa sun gaskata haka har gobe. Taron dai bai ƙarasa abin da ya tara shi ba.

Yadda ake yi kuwa: mutum ya zo da ruwansa a kwalba ko gora, a ɗaga sama, ya kaɗa ƙararrawa ya yi addu'a a kai, a sha, a yi wanka, a kai wa na gida. Amma da sharaɗi. Sai ka furta zunubanka, ka kawo layu da guraye da gumakan gidanku a tara a cinna musu wuta, kuma ka bar magani kowane iri, na boka da na asibiti. Jama'a suka yi ta kwarara daga Ekiti da Ondo da Ibadan, a ƙafa da a manyan motoci, suna kwana a fili. Har marasa lafiyar da ke kwance a asibitin Wesley Guild na 'yan Metodis aka riƙa ɗaukewa ana kaiwa can. Wannan asibitin da Hajiya ta haifi Ummi. Af, an sa ranar Ummi kuwa? Inna Laraba tana ta tambaya, ta ce idan ba a gaya mata da wuri ba ba za ta zo ba, kuma ka san za ta zo.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya ci ribar. 'Yan mishan sun shekara da shekaru suna wa'azi a bar gumaka, mutane na shiga coci da laya a aljihu. Babalola ya yi a wata biyu abin da ya gagare su, don ya amsa tambayar da mutane ke yi da gaske: idan na jefar da layar, me zai kare ni daga ciwo da mayu? Amma cocinsa ƙarama ce, ba ta da malamai ko makarantun da za su riƙe dubban mutane. Sai da yawa suka koma ƙauyukansu suka shiga Angilika da Metodis, masu makaranta a kusa. Masu sukarsa su suka cika kujerunsu da aikinsa. Addinin gargajiya a Ijesha da Ekiti kuwa bai sake komawa yadda yake ba.

Gwamnati ta tsorata. Ba a daɗe da boren matan Aba na 1929 kan haraji ba, ga taron dubbai ba a hannun sarki ko Di'o ba, ga wani mai wa'azi, Josiah Ositelu na Ogere, yana buga ƙasidun faɗin abin da zai faru nan gaba, waɗanda Turawa ba su so. Sun kuma tuna Garrick Braide na Neja Delta, wanda wa'azinsa ya sa aka rage shan barasa har kuɗin shigar gwamnati ya taɓu, aka ɗaure shi a 1916. Babalola ma a 1932 aka yi masa wata shida a kurkukun Benin kan zargin jifan mutane da maita. Nan ne abin yakan lalace: idan an yi addu'a ciwo bai tafi ba, sai a nemi wanda ya riƙe shi, kuma yawanci kan tsohuwa yake faɗawa. Ga kuma masu ciwon da magani zai iya warkarwa amma an hana su sha.

Don samun inuwa shugabannin Faith Tabernacle suka gayyato cocin Apostolic daga Birtaniya a 1931. Zaman bai yi nisa ba, saboda an gano Turawan suna shan kwinin don zazzaɓin cizon sauro. 'Yan ƙasa suka ce ku da kuke koya mana dogaro ga Allah? A kan ƙwayar nan aka rabu wajen 1940, aka sami Christ Apostolic Church, shugabanta na farko Isaac Akinyele, wanda ya zama Olubadan, wato sarkin Ibadan, a 1955. Kuma gyara: su ba sa sa fararen riguna. Masu fararen kaya da ka gani Kerubim da Serafim ne, na Moses Orimolade da Abiodun Akinsowon, tun 1925 a Legas. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna Yarbawa ne suka kawo su duka Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna da Jos.

Maganar barci kuwa, ka sayi auduga ka toshe kunne, ko ka tashi ka yi nafila tunda sun tashe ka kyauta.

Malam Iro ya sayar da gonarsa ta hanyar Giwa ya sayi Keke Napep biyu, ɗaya tana wajen bakanike tun sati na farko. Bala ya ƙara aure, uwargida ta tafi gidansu, ana ta bikon. Ka turo lambar sabuwar wayarka, waccan kullum a kashe. In Ɗanjuma zai dawo, a sa manya a wannan karon.

Naka,
Malam Shehu, Tudun Wada, Zariya